Edita, aikinmu ya wuce tausa da ruwan zafi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah ka ɗan bani fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni mai bibiyar shafinku na wasanni ne bana fashi, kuma na lura duk sanda ɗan ƙwallo ya ji rauni labari biyu kacal kuke kawo mana, na ranar da aka fita da shi daga fili yana riƙe da gwiwa yana hawaye, sai kuma na ranar da ya dawo ana ta masa tafi. Watannin da ke tsakani kuwa shiru kake ji kamar an shuka dusa. To ni a cikin waɗannan watannin nake neman abincina. Mataimakin likitan fisiyo ne ni, wanda mutane suka fi sani da gashin ƙashi, a ɓangaren masu karaya da waɗanda aka yi wa aiki a gaɓoɓi da kuma 'yan wasa.

Duk inda na faɗi sana'ata amsa ɗaya nake samu, au ashe tausa kuke yi, kafin in buɗe baki wani har ya juyo min kafaɗa wai in ɗan taɓa masa. Ban ga laifinsu ba sosai don sunan gashi ɗin nan shi ya ja mana, mutum zai zo yana sa ran a kwantar da shi a ɗora masa tawul mai zafi a kunna masa na'ura ya yi barcinsa ya tashi ya warke. Eh muna da kayan ɗumama jiki, muna da ƙanƙara, akwai na'urar nan mai ɗan jan wuta da ake manna wa a fata, kuma suna rage ciwo, amma duk share fage ne. Ainihin maganin motsi ne, kuma mai ciwon ne zai yi shi da jikinsa, ni nawa in tsaya a kansa in tabbatar ya yi daidai, ya yi adadin da aka ce, bai rage ba bai kuma zarce ba.

Bari in fara da iyakata tunda a nan ake yawan samun ruɗani. Likitan fisiyo shi ke fara ganin mara lafiya, ya duba shi, ya karanta abin da likitan tiyata ya rubuta, ya tsara yadda za a bi da shi da inda ake so a kai. Ni kuma in karɓa in aiwatar, in auna, in rubuta, in koma in faɗa masa abin da na gani. Ba hurumina bane in ce ga cutar da ke damunka, kuma ban isa in sauya tsarin da aka yi don raina ya raya min ba. A Amurka wannan aikin karatu ne na shekara 2 bayan sakandare a makarantar da aka amince da ita, sannan ka zauna jarrabawar ƙasa kafin a baka lasisi, tun 1967 suka buɗe azuzuwan farko ɗaliban suka fito a 1969. A Ingila kuma da yawa a bakin aiki suke koyo a ƙarƙashin ƙwararru. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma ƙa'idar ɗaya ce, mataimaki baya aiki shi kaɗai. Marasa lafiya kan kira ni likita, kullum sai na gyara musu, wasu su ce kai dai ƙanƙan da kai ne da kai. Ba shi bane wallahi, tsoro ne, don ranar da ka fara jin daɗin sunan nan ranar zaka fara yanke hukuncin da ba naka ba a kan gwiwar ɗan mutane.

Amma fa duk da haka ni ne wanda ya fi kowa ganin mara lafiyar. Likitan tiyata ya yi aikinsa na awa biyu ya wuce, sai bayan makonni zai sake ganinsa na 'yan mintuna. Ni kuwa sau biyu sau uku a sati muna tare wata da watanni, na san ranar da bai yi barci ba, na san in ya fara ɗingishi tun daga bakin ƙofa kafin ya zauna ya ce min lafiya lau.

In ka tambaye ni abin da ya fi wuya a aikin nan, cewa zanyi mutane iri biyu ne ke shigo mana, akwai wanda sai an tura shi akwai kuma wanda sai an riƙe shi, kuma sau da yawa a gado biyu da ke kusa da juna suke, dole ka zama mutum biyu a cikin awa ɗaya.

Na farkon yawanci dattawa ne da aka sauya wa gwiwa ko ƙugu. Mutane suna mamaki in aka ce musu wanda aka sa wa gwiwar ƙarfe yau, yau ɗin ko gobe za a tashe shi tsaye ya taka, 'yan uwa har faɗa suke mana wai rashin imani, mutum da ɗinki ɗanye. To in aka bar shi a kwance tsoka zagwanyewa take yi da sauri, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ita kuma gwiwar tabo ya cika ta ta sanƙare. Muna da wani ɗan ma'auni kamar rula biyu da aka haɗa da ƙusa, da shi muke auna lanƙwasar gaɓa. Gwiwar da ta miƙe sarai tana kan digiri 0, kafin mutum ya zauna a kujera ya tashi ba wahala yana buƙatar wajen 90, saukowa daga bene ya fi haka, mu kuma burinmu a kai wajen 120. Makonnin farko su ne kasuwar, in aka yi sake suka wuce gwiwa bata lanƙwasu ba wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata an sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi.

Akwai wata baiwar Allah dattijuwa da bazan manta da ita ba. Kullum in na auna lanƙwasawa tana ƙaruwa, amma miƙewa ta ƙi, kullum da saura. Nayi ta tunani har na kai maganar gun oga, yace in tambaye ta yadda take kwanciya. Nace Mama dan Allah da dare ya kike ajiye ƙafar nan? Tace ai jikata ce ke sa min filo a ƙarƙashin gwiwar, daɗi nake ji ɗan nan. Shikenan an gano ɓarawon. Filo a ƙarƙashin gwiwa akwai daɗi kam, amma a lanƙwashe yake barinta duk dare, in ta saba a haka mutum zai ƙare da ɗingishi. A ƙarƙashin diddige ake sa shi, gwiwar ta rataya nauyinta ya miƙar da ita, kuma akwai zafi ba ƙarya. Ta kalle ni tace kai dai baka da tausayi. Bayan sati uku ta shigo ba sanda tana min tsiya wai yanzu sai mu yi tsere. Irin waɗannan ƙananan abubuwan su ne rabin aikin, sanda a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta amma kusan kowa a ɓangaren ciwon yake kamawa, hawa bene lafiyayyar ƙafa ce gaba, saukowa kuma mai ciwon ce gaba, na maimaita wannan maganar har a mafarki ina faɗinta.

Wani abin da ke bani tausayi shi ne ranar farko da ƙato majiyi ƙarfi zai kwanta nace masa ɗaga ƙafarka sama a miƙe, ya yi ya yi ƙafa ta ƙi ko motsi. Sai kaga ido ya raina fata, wani har ƙwalla, yana zaton shanyewa ta yi. Alhali kumburin da ke cikin gwiwar ne ke sa jiki ya kashe wa tsokar gaban cinya wuta, kamar dai jikin na kare gaɓar ne. Sai an rage kumburin, a yi ta matse tsokar ana saki, goma goma, wani lokaci a haɗa da na'urar wuta ta tuna mata aikinta. Ranar da diddigen ya tashi daga kan gado ko da taƙi ɗaya ne, murnar da ake yi a ɗakin nan ko cin kofi albarka.

Sai kashi na biyu, kuma saboda su na ɗauki alƙalami. Matasa 'yan wasa, musamman waɗanda suka tsinka jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa da kuke rubutawa ACL. Ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa, kuma sau da yawa ba ma wanda ya taɓa ɗan wasan, ya dira ne ba daidai ba ko ya juya ƙafa na kafe a ƙasa, ya ji ɓas. In za a yi aiki ba ɗinke tsohuwar ake yi ba yawanci, wata jijiyar ake yankowa daga jikinsa, ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a huda ƙashi a zura ta a ɗaure. To ga inda gizo ke saƙa. Wannan sabuwar jijiyar sai jiki ya bi ta ya sake gina ta, jini ya shige ta, kuma a cikin wata na biyu zuwa na uku tana cikin rauninta, daidai lokacin da yaro ya daina jin ciwo ya ajiye sanda yana jin kansa garau. Ciwo ya tafi amma gwiwa bata warke ba, kuma ba yadda za ka yi ka nuna masa da ido.

A 2016 an wallafa wani bincike da masana daga Norway da jihar Delaware ta Amurka suka yi a kan 'yan wasan da aka yi wa wannan aikin, suka ga duk wata ɗaya da aka ƙara jira kafin a koma wasa, har zuwa wata 9, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Shi yasa zaka ji muna ta nanata wata tara wata tara. Kuma ko watannin sun cika ba kalanda ce ke sallamar mutum ba, sai an gwada ƙarfin cinyar, an sa shi tsalle da ƙafa ɗaya an auna, ana so mai ciwon ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Virgil van Dijk da ya ji nasa a wasan Liverpool da Everton a watan Oktoban 2020, da duk likitocin da kulob ɗin ke da su da kuɗin da ke hannunsu, bai buga wasan gasar Firimiya ba sai Agustan 2021. In da akwai gajeriyar hanya ai da su suka fara binta. Masu ɗan shekaru kuma zasu tuna Ronaldo na Birazil, shi tasa jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa ce, ya ji ciwo a Nuwamban 1999 yana Inter Milan, ya dawo a Afrilun 2000 a wasa da Lazio, minti shida ko bakwai da shigarsa jijiyar ta tsinke gaba ɗaya duniya na kallo. Kakar wasa guda ta wuce shi cur. Kowa na tuna ƙwallo 8 da ya ci a gasar kofin duniya ta 2002, biyu a wasan ƙarshe da Jamus, amma wa ke tuna watannin da ya yi a ɗaki irin namu yana ƙirga goma goma?

Yanzu haka akwai wani yaro a hannuna, ɗan gaba ne, Allah ya bashi ƙafa. A wata na huɗu ya shigo gwiwa a kumbure kamar an hura, nace ƙanina me ka yi? Yace ba komai yallaɓai. Na dai yi shiru ina kallonsa, can yace wai 'yan mintuna kawai ya taɓa da abokai, ba ma da gaske ba. Da na matsa sai ya ciro waya ya nuna min labarin wani ɗan wasa da aka yi ta yabo wai ya dawo kafin lokacin da likitoci suka ɗibar masa, an kira shi jarumi, an ce mai zuciyar zaki. Yace in shi ya iya me zai hana ni. Kaga inda rubutunku ke zuwa Malam Edita, har kan gadon da nake aiki. Allah ya taimaka jijiyar bata tafi ba, amma sai da muka koma baya sati uku muna jiran kumburi ya sauka, sauri ya haifi nawa kenan. Kuma ban ga laifinsa can can ba, yaro ne yana ganin wani ya karɓe masa lamba, koci ya daina kiransa a waya, kowa na tambaya yaushe zaka dawo. Wani kuma akasin haka ne, gwaji duk ya ci amma zuciya ta ƙi, da ya ga an nufo shi sai ya janye ƙafa, shi ma aiki ne babba a dawo masa da yarda da gwiwarsa, a fara da gudu a miƙe, a zo zigzag, a zo juyawa da ƙwallo, har ranar da zai manta wace ce aka yi wa aikin.

Ciwo ma sai ka iya karanta shi. Akwai zafin aiki wanda zai taso lokacin atisaye ya lafa kafin gobe, wannan ba komai ci gaba za a yi. In kuwa gaɓa ta kwana ta tashi da kumburi da zafi fiye da jiya to mun zarce, sai a ja baya. Akwai kuma wanda ba a wasa da shi sam. Wata rana wani bawan Allah da aka yi wa aikin karaya ya zo yana cewa sha-raɓarsa ta ɗaure, dan Allah in ɗan murza masa. Na duba naga ta fi ɗayar kumburi, ga ɗumi, ga zafi in an taɓa. Nace Baba yau ba murza ba atisaye, na kira oga a take aka tura shi hoto, ashe jini ne ya daskare a jijiya. Irin wannan gudan jinin in ya ɓalle huhu yake nufa, kuma yana kisa. Da ɗan tausa ne ni kamar yadda ake cewa, da na zage na murje shi da kyau don in burge.

Ilimin ma baya tsayawa wuri ɗaya, abin da aka koya maka jiya gobe sai kaji an gyara. Shawarar nan da kowa ya haddace in an yi targaɗe, a huta, a sa ƙanƙara, a ɗaure, a ɗaga ƙafa sama, wani likita Ba'amurke Gabe Mirkin ne ya fito da ita a 1978, kuma shi da kansa a 2014 ya dawo yace yawan ƙanƙara da hutu na gaba ɗaya na iya jinkirta warkewa. Yanzu abin da aka fi karkata a kai shi ne a kare wurin na 'yan kwanaki sannan a fara motsa shi a hankali gwargwadon yadda zai ɗauka. Ni dai har gobe ina sa ƙanƙara in zafi ya hana mutum sakat, don tana rage raɗaɗi, amma na daina ce wa kowa ita ke warkarwa. Kuma targaɗen idon sawu da ake rainawa ɗin nan, wanda bai koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya ya dawo da daidaiton jikinsa ba, sai kaga ƙafar ta riƙa turguɗewa a kai a kai shekara da shekaru.

Abin da ya fi bani takaici shi ne da yawan raunukan nan ana iya rage su tun kafin su faru, kuma kyauta. Tun 2006 akwai tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, minti 20 ne kacal kafin atisaye, gudu da tsalle da koyon dira da ƙarfafa ciki da cinya, bincike ya nuna ƙungiyoyin da suka riƙe shi da gaske raunukansu na raguwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Akwai wani atisayen da mutum zai durƙusa a riƙe masa ƙafafu ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali, shi kaɗai yana rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi. 'Yan wasa mata sun fi kowa buƙatar wannan don sun fi maza tsinka ACL ninki biyu ko fiye. Amma ba mai so, wai yana cin lokaci, ba daɗi, gara a zagaya fili sau biyu a hau ƙwallo.

Wanda ke sha'awar shiga aikin nan kuma in faɗa masa gaskiya, a tsaye ake wuni, za ka ɗaga mutanen da suka fi ka nauyi, in baka koyi yadda ake ɗagawa da ƙafa ba kai ma bayanka zai kawo ka kan gadon. Ga rubutu, duk abin da ka yi sai ka rubuta, digiri nawa, sau nawa, me mara lafiya yace. Ga haƙuri da mutanen da ciwo ya sa su faɗa, an zage ni ba adadi kuma waɗanda suka fi zagina su suka fi yi min addu'a daga baya. Ga 'yan ƙaryar atisayen gida, sati na da awa 168 ni ina samun biyu ko uku a ciki, sauran duk a hannun mai ciwon suke, zai rantse maka yana yi safe da yamma, ka ɗora ma'auni kaga lambar satin jiya ce bata motsa ba, sai ya fara sosa ƙeya.

Roƙona gare ku bai da yawa. In za ku ba da labarin ɗan wasa ya dawo daga jinya, ku faɗa mana wane irin rauni ne, wata nawa ya yi, ku daina kambama wanda ya yi gaggawa kamar wata bajinta ya yi, in da hali ma ku riƙa waiwayar su a tsakiyar jinyar ku nuna wa yara yadda wata na biyar yake kama, mutum shi kaɗai da roba a ƙafa yana ja. Kuma dan girman Allah in an zo kanmu a daina rubuta masu tausa. Shi yaron da na baku labari yanzu yana wata na bakwai, tsallen ƙafa ɗaya bai kai inda ake so ba tukuna, jibi da safe zai zo mu sake aunawa, kuma nayi masa alƙawarin in kun buga wasiƙar nan zan kawo masa jaridar ya karanta yana kan keke.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mataimakin likitan fisiyo